Kukan ƙirjin ɗana ba fukar gidansu ba ce, kuma na san dalili

Assalamu alaikum admin da duk 'yan guruf. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, akwai 'yan garinmu da yawa a nan. Jama'a don Allah ku ba ni shawara, kuma yau nake sonta ba gobe ba. Masu saurin wa'azi ku daure ku karanta har ƙarshe tukuna, na san laifina, ba sai an tuna mini ba.

Ni 'yar Jega ce, unguwar Firchin, shekarata ashirin da uku, na gama sakandare, ina aure a Aliero. Maigidana manomin albasa ne kuma yana bin lodi zuwa kudu. Ɗanmu ɗaya, shekararshi biyu da wata huɗu, zan ce mishi Abba amma ba sunanshi ke nan ba. Yau kwana goma sha tara ke nan ƙirjin Abba yana kuka, wani siririn fito ne yake fita in yana numfashi, ga tari da ba ya tsayawa. Kowa a gidan ya ce fuka ce, wato asma, don gidan maigidana gidan fuka ne. Shi yana da ita, babanshi da ita ya rasu, ƙannenshi biyu suna da ita, inhela a gidan nan kamar ashana take, kowane ɗaki akwai. To ni na san ba ita ba ce, kuma abin da ya sa na sani shi ne abin da na kasa faɗi.

Sai na ba ku labarin Kaka kafin ku gane. Kakar maigidana ce, ta haura tamanin sosai, idonta ya yi rauni amma kunnenta ko ɓera ya gifta bayan ɗaki sai ta ji. Tana da wani guntun gora mai rami, tsawonshi bai fi taƙi ɗaya ba, ya yi baƙi ya yi sulɓi don tsufa, a cikin tsumma take naɗe shi. Ta ce na mahaifinta ne. Wai zamanin da Turawa sunka fara zama ƙasar nan, yana saurayi, anka kama shi ɗaukar kayan wani likitan Bature da ke yawo gari gari. Fuka ta taso mishi a hanya, Baturen ya ɗora mishi wani abu a ƙirji ya saurara, shi kuma da ya samu sauƙi ya roƙa a bar shi ya ji na wasu. Da ya dawo gida sai ya sassaƙa nashi da gora, ya riƙa sauraron ƙirjin 'ya'yanshi, ita Kaka wurinshi ta koya. Shi ne kuma ya kafa dokar da har yau ake bi a gidan: gyaɗa ba ta shiga. Wai lokacin da anka matsa wa mutane noman gyaɗa saboda haraji, ƙurar ɓararta ta kusa kashe shi, ya rantse zuri'arshi ba ruwansu da ita. Ba ƙuli-ƙuli, ba kunun gyaɗa, miya sai da manja ko man shanu. Tun ina amarya anka gaya mini, na yi dariya na ce to tsire fa, anka ce ki ci a gidanku ki wanke baki ki dawo.

Duk yaron da ya fara tari a unguwar, wurin Kaka ake fara kawo shi kafin kemis. Ni da farko raina abin na yi, ina ganin ai camfin tsofaffi ne, sai da na zauna kusa da ita na ga ba magani take bayarwa ba, rarrabewa kawai take yi. Ta ce kukan ƙirjin yara ba iri ɗaya ba ne. Akwai na mura, wanda yake kama jarirai, majina ta cika, ƙirji yana ɓararraka kamar tukunyar da ta fara tafasa, shi kwana kaɗan ne ya wuce in dai yaro yana shan nono kuma haƙarƙarinshi ba ya lotsawa, in ya fara lotsawa kuwa ta ce a ruga asibiti. Akwai na wuya, wanda ake jin shi lokacin da yaro yake jawo iska ciki, murya ta dushe, tari ya koma kamar haushin kare. Sai fukar gidansu, ita ta ce ta santa kamar muryar 'ya'yanta, lokacin fitar da numfashi take kuka, gefen dama da hagu duka, kamar 'yan kyanwa biyu, tana zuwa tana tafiya, sanyi ko hayaƙi ko gudu ya tada ta, in an shaƙi inhela ta lafa. Wannan duk na haddace su tun kafin in haihu, don na san wata rana za su yi mini amfani. Ban san haka za su yi mini amfani ba.

To ga abin da ya faru. Ina da yaya mace tana aure a Maiyama, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye ni. Maigidana ba ya son jin sunanta. Ni mai baki ce, ban iya haɗiye magana, shi kuma mai zuciya ne, sau biyu yana sakina, duka kan cacar baki ne da ba ta kai ta kawo ba. A saki na biyu Yaya ce ta tsaya kai da fata ta ce kada in koma, har ta kira shi a waya ta gaya mishi maganganu. Da anka yi sulhu na koma, sai ya ce a gaban wanshi, duk ranar da na taka gidan Yaya a Maiyama, a bakin aurena. Igiya ɗaya ta rage tsakaninmu, kun gane ke nan. Shekara guda da rabi ban je ba.

Watan jiya anka yi wa Yaya aiki, ɗan bai zo da rai ba, ita ma da ƙyar ta sha. Maigidana ya tafi kudu da lodi. Na kira shi na ce zan je Jega wurin Innata in yini, ya ce to. Na je Jega ɗin, na gaida Inna, ban ko zauna ba na ce zan leƙa kasuwa, na ɗauki Abba na tare ɗan kabu-kabu munka kama hanyar Maiyama. Na ga Yaya, munka yi kuka, ban yi awa biyu ba na fito. A dawowa Abba ya dame ni da rigima, rana ta yi zafi, yana ta zillo, ɗan kabu-kabu yana ta mita wai zai kada mu. A bakin tasha na sayi soyayyar gyaɗa ta ƙulli na ba shi don ya yi shiru. Wallahi har cikin raina ina cewa yau dai ɗana zai ɗanɗani abin da ake hana shi. Yana tsakanina da mai mashin, bakinshi cike, yana dariya, sai mashin ya faɗa wani rami.

Ya ƙware. Ba irin ƙwarewar da kuka sani ta ruwa ba, shiru ya yi, ido ya fito, leɓenshi ya canja, ba kuka ba tari. Na yi tsalle na sauka tun mashin bai gama tsayawa ba, na kifa shi a cinyata ina dukan bayanshi, sai ya yi wani tari mai ƙarfi, ya amayo gyaɗa, ya fashe da kuka. Mai mashin ya ce alhamdu lillahi ta fito. Ni ma na ce ta fito. Na wanke mishi baki da fiya wata, na canja mishi riga, na jefar da sauran gyaɗar a daji. Kafin mu iso Jega ya yi barci. Da munka koma Aliero da yamma ina kwantar da shi na ji fiton nan a karon farko.

Washegari Kaka ta ji tarinshi daga ɗakinta ta ce a kawo shi. Ta ɗora gora a bayanshi, dama, hagu, ta sake komawa dama, ta daɗe, har ta sa anka kore kaji daga tsakar gida. Uwar maigidana tana tsaye tana cewa ai mun san za a rina, gado ya zo. Kaka ta ce mata ke yi shiru, wagga ba tamu ba ce. Ta ce hagu lafiya lau iska na shiga na fita, dama ce ke kuka, kuma murya ɗaya ce ba ta canjawa, ƙasan daman ma kamar ɗakin da anka rufe. Ta ce fuka ba ta zaɓen gefe, kuma ba ta faɗo wa yaro rana ɗaya ba mura ba komai. Sai ta juyo inda nake ta ce, 'yar Jega, mi yac ci jiya? Na ce tuwo da shayi. Ta ce ya ƙware? Na ce a'a. Ban san lokacin da a'ar ta fito ba.

Ba wanda ya bi ta maganar Kaka. Uwar maigidana ta ce tsufa ne, bara ma ai ta kira jikanta da sunan mijinta da ya rasu. Anka je kemis anka sayo sirof da inhela. Da maigidana ya dawo bayan kwana biyar ya tarar da abin, jama'a wannan shi ne ya fi ci mini rai. Mutumin nan da ban taɓa ganin hawayenshi ba ya ɗauki Abba ya zauna bakin gado yana cewa ka yafe mini, ni na ba ka wannan, ni na san wahalarta. Ya kwashe albasar da ke rumfa kusa da ɗakinmu ya mai da gona, ya hana ni girki da itace ya sayo gas, ya fitar da kafet, turaren wuta ma ya hana. Ya yanke gindin robar ruwa ya haɗa da inhela yadda yaro zai iya shaƙa, shi da kanshi yake ba shi yana ƙirga numfashi. In ya gama sai ya kara kunne ya ce kin ji ya ragu ko? Ni kuma in ce ya ragu. Bai ragu ba. In shi ya shaƙa minti kaɗan ya warware, Abba ko sau nawa anka ba shi fiton yana nan yadda yake.

A kwana na goma sha biyu munka kai shi asibiti a Jega. Wata nas babba ce ta duba shi, ta sa mishi na'urar tururin nan ta hanci da baki, ta jira, ta sake saurara, sai na ga ta ɓata fuska. Ta yi tambayoyi, yaushe ya fara, da mura ya fara ko haka kawai, yana lafawa ko kullum ne, ya taɓa yin irinshi a baya. Duk maigidana ne yake amsawa, yana ta ba ta tarihin gidansu tun daga kan kakan kaka. Ta ce mishi malam na ji, amma ba duk yaron da ke fito ne mai asma ba, ko da duk danginshi suna da ita. Ta ce mai asma in an sa mishi tururin nan ana jin bambanci, wannan ba ta ji ba, kuma gefe ɗaya ne. Abin da Kaka ta faɗa da gora shi ta faɗa da abin sauraronta, kalma kusan ɗaya. Sai ta kalle ni ta ce maman Abba ki tuna da kyau, bai taɓa ƙwarewa da wani abu ba, gyaɗa, masara, aya, dutsen carbi, murfin biro? Maigidana ya yi dariya ya ce gyaɗa dai a cire ta, ɗana bai san kalarta ba. Ni kuma na ce ban gani ba.

Anka yi hoton ƙirji, ba a ga wani abu a fili ba. Na ji sanyi a raina na minti ɗaya, sai nas ɗin ta ce kada mu dogara da shi, ƙarfe da dutse hoto yake nunawa, abinci ba ya fitowa. Ta ce in da akwai labarin ƙwarewa yau ɗin nan za ta rubuta mana takarda zuwa babban asibiti a Sakkwato, inda ake sa wa yaro barci a zura siririn abu mai fitila a leƙa hanyar iska a ciro. Ta ce ko ba labarin ma ita shawararta mu je. Maigidana ya ce ba wanda zai sa wa ɗanshi barci a zura mishi ƙarfe a huhu kan zato, ai ga hoto ya nuna ba komai. Ta ba mu maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta ce in zazzaɓi ya zo ko numfashi ya ƙara sauri kada mu kwana. Da za mu fita ta riƙe mayafina ta ce a hankali, ƙanwata in akwai abin da kika tuna ki dawo ko ke kaɗai ce. Na fizge na wuce. Haka nake, in tsoro ya kama ni sai in koma masifa.

Shekaranjiya zazzaɓin ya zo. Tarin ya koma mai nauyi, bakinshi yana wani wari, abinci sai ya kai baki ya ture. Yaron da ba ya zama wuri ɗaya yanzu in ya taka daga ɗaki zuwa bakin rijiya sai ya tsuguna yana haki. Na shiga waya na yi ta karatu da ɗan turancina, abin da na fahimta shi ne gyaɗa tana cikin mafi sharri, don tana kumbura kuma man da ke cikinta yana cin wurin, huhun ya yi ruwa, kuma tana iya motsawa daga inda take ta toshe babbar hanya gaba ɗaya. Tun da na karanta wannan in ya yi tari sai in ruga in ɗauke shi. Ban yarda ya yi gudu, ban yarda kowa ya cilla shi sama, ƙanin babanshi ya ɗaga shi jiya na yi mishi tsawar da har yanzu ba ya yi mini magana.

Yau da hantsi maza sun tafi gona, Kaka ta aiko in kawo mata ruwan zafi. Na kai, ta ce zauna. Ta sake sauraron Abba, wannan karon ba ta daɗe ba. Ta ce a rayuwarta sau ɗaya ta taɓa jin irin wanga kuka, tana sabuwar amarya, ɗan maƙwabta ne da ƙwallon tsamiya, lokacin ba mota ba asibiti. Na ce ya warke? Ta ce ki sha ruwan in kina so, ni ba ƙishirwa nike ji ba. Sai ta ce, ranar da kinka dawo daga Jega na karɓi yaron nan na sumbace shi, hancina bai mutu ba, shekara tamanin ban ci abin nan ba amma na san warinshi. Ta ce ni ban tambaye ki inda kinka je ba, ba kuma zan tambaya ba, tsakaninki da mijinki ne. Amma na faɗi sau uku sun ce na ruɗe, bakina bai kai shi Sakkwato, naki ne kaɗai ke kai shi. Na buɗe baki zan yi musu kamar yadda na saba, sai kuka ya zo a madadinshi. Ba ta lallashe ni ba, ta ce tashi ki ba ni wuri, kuka bai ciro ta.

Na san wasu za su ce ai sai ki ce gyaɗa ya ci ki yi shiru da zancen Maiyama. Na yi wannan tunanin har kaina ya yi ciwo. Maigidana ba ya barin magana a rabi. Zai ce a ina, in ce a Jega, ya kira Inna, Inna ba ta ƙarya ko za a yanka ta, za ta ce ai ba ta yini nan ba, ta ce za ta kasuwa sai la'asar ta dawo. Ɗan kabu-kabun ma a tashar da ake lodin albasa yake tsayawa. In na ce ɗan maƙwabta ne ya ba shi, na haɗa gida biyu faɗa kan ƙaryata, kuma sati biyu ina kallon shi yana zargin jininshi, wannan ko ba Maiyama ban san ko zai yafe ba. In ɗauki yaron in gudu Sakkwato ni kaɗai, ba za su yi aikin ba sai uba ya sa hannu, ko sun yi ma daga ƙarshe zancen ɗaya ne. In na faɗi gaskiya kuwa, kun san abin da ya rataya a kanta. Ban ma sani ba ko auren ya riga ya ƙare tun ranar da na taka gidan Yaya, ina zaune ne kawai a ɗakin mutum. Kuma Abba an yaye shi, a gidan nan ba a barin ɗa ya bi uwa, na ga yadda anka yi da matar wanshi. Wato in na yi magana wataƙila in rasa shi yana raye, in na yi shiru kuma ban iya rubuta sauran.

Kada ku ɗauka ina auna ɗana da aure ne, wallahi ba haka ba ne. Sau huɗu ina buɗe baki, jiya har na ce baban Abba akwai magana, ya juyo da robar inhela a hannu ya ce ina jin ki, sai na ce gas ya kusa ƙarewa. Ni da ake cewa bakina ya fi ƙarfina.

Ga abin da nake so ku gaya mini. Ma'aikatan lafiya da ke guruf ɗin nan, kwana sha tara ya yi latti ko har yanzu ana iya cirowa yaro ya koma daidai, kuma tafiyar mota ba za ta motsa ta ba? Malamai, maganar da ya yi a gaban wanshi ta zama saki ke nan ko akwai duba niyya, wa ya kamata mu tambaya? Matan da suka taɓa faɗa wa miji abin da ya fi wannan, ta ina kuka fara? In faɗa mishi mu biyu, ko a gaban Kaka, ko in roƙe shi mu koma wurin nas ɗin in faɗa a can inda ba zai tsaya faɗa ba sai an rubuta takarda? Ta ƙarshen nan ita raina ya fi kwantawa da ita, amma ina tsoron ya ce ba za mu koma ba.

Bayan la'asar zai dawo daga gona. Abba yana kwance a cinyata ina wannan rubutu da hannu ɗaya, jikinshi zafi rau. Na wanke kayanshi na sa a jaka da katin asibiti, na tura ƙarƙashin gado. Nawa kayan ne ban taɓa ba. Ku gaya mini, in haɗa su su ma, ko in bari sai na ji daga bakinshi?